Littattafan Hindu da Falsafarsu: Tushen Abin da Muke Kallo a Finafinan Indiya

Laccar da aka gabatar a garin Tofa, Jihar Kano

 

 

Na san akwai wanda ya ji taken wannan lacca ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da muke fama da tsadar taki da ƙarancin ƙasar noma, ina ruwanmu da littattafan mutanen da ke girmama saniya? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin ɗakunanmu. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima a Kano suka fara shigo da finafinan Indiya. Iyayenmu sun kalle su a Palace da El-Dorado da Plaza da Orion. Daga nan suka koma talabijin, suka koma kaset, suka koma faifai. Yau yaro zai shiga shagon masu tura fim a kasuwar Janguza, ya fito da finafinai goma a wayarsa, duk an fassara su da Hausa, jarumin yana magana kamar ɗan Fagge. Fiye da shekara sittin ke nan muna tare da waɗannan mutane, muna kuka da kukansu, muna rera waƙoƙinsu.

Ku ɗauki fim ɗin Karan Arjun na 1995, wanda Salman Khan da Shah Rukh Khan suka fito a ciki. An kashe 'yan'uwa biyu, uwarsu ta je gaban gunkin Kali ta yi kuka, aka sake haihuwarsu a wasu gidaje dabam, suka girma suka dawo ɗaukar fansa. Yara da yawa a wannan gari za su ba ka labarin tiryan-tiryan. Amma ka tambaye su daga ina sunayen nan biyu suka fito, ko me ya sa marubucin bai ji yana bukatar ya yi wa masu kallo bayanin yadda mamaci zai dawo a wani jiki ba. Sunayen daga littafin Mahabarata suke, inda Karna da Arjuna suke uwa ɗaya amma suka yaƙi juna. Dawowar mamaci kuwa ginshiƙi ne na aƙidarsu, shi ya sa ba ya bukatar bayani a wurinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da wani masani mai suna Brian Larkin, sun yi rubutu mai yawa a kan dalilin da ya sa Bahaushe ya rungumi fim ɗin Indiya: kunya, sutura, biyayya ga iyaye, rikicin auren dole. Sun duba ɓangarenmu. Ni yau ɓangarensu nake so mu leƙa.

Malamin da ya riga mu

Kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne a Musulunci. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a Khuwarizm a 973 Miladiyya, masani ne na taurari da lissafi. Sarki Mahmud na Gazna ya tafi da shi fadarsa a 1017, daga nan ya samu shiga arewacin Indiya. Ya zauna da malamansu, ya koyi Sanskirit, harshen littattafansu, yana da shekara fiye da arba'in. Wajen 1030 ya kammala littafin da aka fi sani da Kitabul Hind, mai babi 80. A gabatarwarsa ya bayyana cewa littafin ba na jayayya ba ne, zai kawo abin da mutanen suka yarda da shi ne kamar yadda suke faɗarsa. Ya cika alkawari. Ya fassara littafin Patanjali na Yoga zuwa Larabci. Ya rubuta cewa masu ilminsu suna magana a kan Ubangiji ɗaya, talakawansu kuma sun tsaya ga gumaka. Inda ya ga sun cakuɗa lissafi mai kyau da camfi ya faɗa. Har ma ya rubuta cewa hare-haren Mahmud, sarkin da yake ƙarƙashinsa, sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatan mutanen ƙasar, sun kuma kori ilminsu zuwa Kashmir da Banaras. Duk da haka ya rayu ya mutu yana Musulmi, karatun bai rage masa komai ba. Wannan ita ce hanyar da nake so mu bi a zaman nan: mu faɗi abin da suka ce da adalci, sannan mu faɗi inda muka rabu da su ba tare da kwana-kwana ba.

Weda da haddarta

Addinin Hindu ba shi da annabi ɗaya da ya kafa shi, ba shi kuma da littafi ɗaya. Sun raba littattafansu gida biyu. Na farko su ne waɗanda suka ce an ji su ne, ba wani mutum ya tsara su ba, suna kiransu shuruti. Na biyu su ne waɗanda malamai suka tsara aka riƙa tunawa, suna kiransu simiriti. Kan gaba a kashin farko akwai Weda guda huɗu: Rigweda, Samaweda, Yajurweda da Atarwaweda. Mafi tsufa ita ce Rigweda, waƙoƙi 1,028 a cikin juzu'i goma, waɗanda masana ke ganin an tsara su tsakanin shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Yawancinsu kirari ne da roƙo ga Agni na wuta, da Indira na tsawa da yaƙi, da Soma, da Waruna. Roƙon kuma irin na makiyaya ne: a ba su shanu, a ba su ruwan sama, a ba su 'ya'ya maza, a ba su nasara a kan abokan gaba. Samaweda ta koyar da yadda ake rera su, Yajurweda ta tattara kalmomin da ake faɗa lokacin yanka da zuba mai a wuta, Atarwaweda kuma cike take da addu'o'in neman waraka da tsari.

Alarammomin da ke zaune a nan za su fi kowa gane abin da zan faɗa yanzu. Ɗaruruwan shekaru ba a rubuta waɗannan waƙoƙi ba, da ka aka riƙe su. Don kada harafi ya salwanta, suka ƙirƙiro hanyoyin tilawa iri-iri. Ɗalibi zai haddace baiti yadda yake. Sai ya sake haddace shi kalma-kalma a rarrabe. Sai ya sake bi biyu-biyu: ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta uku da ta huɗu. Sai kuma ya koyi saƙa su gaba da baya: ta farko da ta biyu, ta biyu da ta farko, ta farko da ta biyu, kafin ya matsa gaba. Har hawa da saukar murya an kiyaye, wasu makarantun suna nuna shi da motsin hannu. Duk wanda ya san wahalar da gardi ke sha kafin ya iya harji, ya san adadin wuraren da kalma ta zo a Alƙur'ani, ya san irin shekarun da wannan aiki ke ci. A 2003 hukumar UNESCO ta sanya wannan tilawa cikin manyan abubuwan gado na ɗan Adam. Saboda wannan kishin furuci ne aka samu Panini, wajen ƙarni na 4 kafin Annabi Isa, wanda ya tattara nahawun Sanskirit a ƙa'idoji kusan 4,000, fiye da shekara dubu kafin Sibawaihi.

Kiyaye lafazi ba ya tabbatar da cewa abin da aka kiyaye gaskiya ne, yana dai nuna cewa mutanen ba da wasa suke ba. Akwai kuma abin da Albiruni ya lura da shi wanda ya kamata ya taɓa mu: ya ce da yawa daga malaman da ke rera Weda ba su san ma'anarta ba, haka suka karɓa, haka suke miƙawa. Malamaina, Allah ya gafarta muku, mu tambayi kanmu almajirai nawa ne a tsangayunmu suka sauke, suka haddace, amma ba za su iya fassara surar da suke sallah da ita ba.

Ko a cikin Rigweda akwai alamar cewa wasu sun fara gajiya da yanka da hayaƙi. A juzu'i na goma akwai waƙar da ke tambayar abin da ya kasance kafin samuwa da rashi, kafin dare da rana. Mawaƙin ya ƙare ne cikin shakka, yana cewa wataƙila wanda ke can sama ya sani, wataƙila shi ma bai sani ba. A nan za ka ga iyakar hankalin da ba shi da wahayi: ya iya tambaya, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

Upanishad

Daga wannan tambaya aka haifi littattafan Upanishad, waɗanda mafi tsufansu suka fito tsakanin shekara 800 zuwa 500 kafin Annabi Isa. Su ne zuciyar falsafar Hindu, kuma yawancinsu hira ce tsakanin malami da ɗalibi, ko uba da ɗa, ko miji da mata.

A cikin wanda ake kira Chandogya, wani malami mai suna Uddalaka ya tura ɗansa Shwetaketu karatu yana da shekara 12. Yaron ya dawo yana da 24, ya haddace Weda, yana ji da kansa. Uban ya tambaye shi ko ya nemi ilmin da idan aka san shi an san komai. Yaron bai taɓa jin labarinsa ba. Sai uban ya ce masa, wanda ya san yumɓu ya san duk abin da aka gina da yumɓu, sunaye ne kawai suka bambanta. Ya sa shi ya zuba gishiri a ruwa ya bar shi ya kwana. Da safe ya ce ya ɗauko gishirin, yaron ya duba bai gan shi ba. Ya ce ya kurɓa daga wannan gefe, ya kurɓa daga tsakiya, ya kurɓa daga wancan gefe, ko'ina gishiri. Uban ya ce haka asalin samuwa yake, ba a ganinsa amma yana cikin komai, kuma shi ne ainihin yaron kansa. Wannan asali suna kiransa Barahman. Ainihin mutum kuma, wanda ba jiki ba ne, ba tunani ba ne, suna kiransa atman. Babbar da'awar ita ce waɗannan biyun abu ɗaya ne.

A wani littafin, Katha, wani uba yana sadaka da tsofaffin shanun da suka daina ba da nono. Ɗansa Nachiketa ya ga wannan ba sadakar kirki ba ce, ya dame shi da tambayar shi kuma wa za a ba. Uban ya fusata ya ce ya ba da shi ga mutuwa. Yaron ya tafi gidan Yama, sarkin matattu a aƙidarsu, ya kwana uku a ƙofa ba ci ba sha. Yama ya ba shi zaɓin buƙatu uku don ya wanke wannan rashin karɓar baƙo. Ta uku ita ce a gaya masa abin da ke faruwa da mutum bayan ya mutu. Yama ya yi ta lallashinsa ya janye: ga shanu, ga giwaye, ga zinariya, ga mata, ga tsawon rai. Yaron ya ce duk waɗannan ba sa wuce gobe, ya ƙi. Sai Yama ya koya masa cewa abin da ke da daɗi dabam, abin da ke da amfani dabam, kuma ya kwatanta jiki da keken doki: gaɓɓan ji da gani su ne dawakai, zuciya ce linzami, hankali ne matuƙi. Ni dai ban taɓa karanta wannan labari ba tare da na ji girman yaron a raina ba. Mutanen da suka tsara shi sun ɗauki mutuwa da muhimmanci fiye da yadda yawancinmu muke ɗaukarta yau.

Ga kuma Yajnawalkiya, babban malami a fadar Sarki Janaka. A wajen muƙabala wata mace mai suna Gargi ta tsaya ta jera masa tambayoyi a kan abin da sammai da ƙassai suka dogara a kai. Wani kuma ya tambaye shi adadin alloli. Ya ce 3,306. Mai tambaya ya ce a gaskiya dai nawa ne? Ya ce 33. Ya sake matsa masa, ya ce shida, sai uku, sai biyu, sai ɗaya da rabi, a ƙarshe ya ce ɗaya.

A nan ne wasu ke zamewa. Jin kalmar ɗaya sai mutum ya ce ai tauhidi ne. Dara Shiko, babban ɗan Sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Ya tara malaman Banaras suka fassara Upanishad kusan 50 zuwa Farisanci a 1657. Ya tafi har ya ce su ne ɓoyayyen littafin da aka ambata a Suratul Waƙi'a. Wannan kuskure ne, malaman tafsiri sun fassara wurin da Lauhul Mahfuzi. Ƙaninsa Aurangzeb ya sa aka kashe shi a 1659 bayan yaƙin gadon sarauta, aka kafa hujja da ridda. Fassarar tasa ce wani Bafaranshe ya mayar Latin a 1801 zuwa 1802, ta haka Turai ta fara sanin waɗannan littattafai. Ɗayan da Upanishad ke nufi, a fahimtar mafi shaharar malamansu, shi ne wanda babu komai sai shi, har kai mai bautar kai ne shi. Namu kuwa Ubangiji ne da ya halicci bawa, bawa ba ya zama Ubangiji ko da ya shekara dubu yana ibada. Tazarar da ke tsakanin nan ba ƙarama ba ce, kuma girmama mutane ba ya bukatar a ɓoye ta.

Su kansu ba su haɗu a kan wannan ba. Shankara, wajen ƙarni na 8, ya ce babu biyu ko kaɗan, rarrabuwar da muke gani ruɗi ce. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa 12, ya ce rayuka da duniya gaskiya ne, amma suna rataye ga Ubangiji kamar jiki da rai, kuma tsira tana samuwa ne ta ƙauna da rahamarsa. Madwa, a ƙarni na 13, ya ce Ubangiji dabam, bawa dabam har abada. Duk ukun littattafai iri ɗaya suke sharhi. Wannan makaranta, Wedanta, ɗaya ce daga cikin shida. Akwai Nyaya ta manɗiƙi, da Waisheshika mai cewa komai ya ginu daga ƙwayoyin zarra, da Sankiya, da Yoga, da Mimansa ta fassarar hukunce-hukuncen yanka. Yogar da ake tallata wa mutanen birni a matsayin motsa jiki, a littafin Patanjali hanya ce ta tsayar da kai-kawon zuciya don raba rai da jiki.

Karma da sake haihuwa

Albiruni ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, haka yarda da ƙaurar rai daga jiki zuwa jiki take alamar Bahinde. A wurinsu kowane aiki yana haifar da sakamakonsa da kansa, shi ne karma. Abin da bai nuna ba a wannan rayuwa zai bi rai zuwa haihuwa ta gaba, ko a jikin mutum, ko dabba. Ko aljannarsu ma ba madawwama ba ce, idan ladan ya ƙare sai a dawo. Wannan zagaye suna kiransa samsara, kuma ba abin murna ba ne a wurinsu, kurkuku ne. Burin mai hankali shi ne ya fita daga ciki gaba ɗaya, wannan fita ita ce moksha.

Yanzu ina ganin samarinmu a Facebook da TikTok suna rubuta cewa karma za ta kama wane. Ƙannena, ku san abin da kuke ara. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, amma a bayan wannan magana akwai Ubangiji mai hukunci, wanda yake jinkirtawa, yake kamawa, yake kuma yafewa idan bawa ya tuba ya mayar da haƙƙi. Rayuwa ɗaya ce, sai kabari, sai tashi, sai hisabi.

Gita

Littafin da Bahinde na yau ya fi riƙewa ba Weda ba ce, Bagawad Gita ce, baiti 700 a babi 18. Tana cikin Mahabarata, wadda ke da baiti kusan 100,000, labarin yaƙin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. An ja daga a filin Kurukshetra. Arjuna ya duba sahun abokan gaba ya hango kakansa Bishma da malaminsa Dorona da 'yan'uwansa na jini. Jikinsa ya mutu, ya ajiye baka, ya ce gara ya yi bara da ya ci sarautar da aka wanke da jinin dangi. Matuƙin kekensa, Kirishna, wanda suke ɗauka abin bautarsu Wishnu ne ya sauko a jikin mutum, ya shiga yi masa bayani. Ya ce rai ba ya mutuwa, jiki yake sauyawa. Ya ce kowa yana da wajibin da matsayinsa ya ɗora masa, wato darma, kuma nasa shi ne yaƙi. Sannan ya kawo koyarwar da ta fi shahara: mutum ya yi aikinsa tsakani da gaskiya, kada ya rataye zuciyarsa ga abin da aikin zai haifar. Ya nuna hanyoyi uku na tsira, ta aiki, ta ilmi da ta ƙauna.

Maganar yin aiki ba don jiran sakamakon duniya ba, duk wanda ya karanta babin ikhlasi da tawakkali zai ji ta saba da kunnensa. Maganar Ubangiji ya shiga jikin mutum kuwa, wannan Musulmi ba zai karɓe ta ba ta kowace fuska. Ku lura kuma da yadda littafi ɗaya ke zama abu biyu a hannun mutum biyu. Mahatma Gandhi ya ɗauki Gita abokiyar rayuwarsa, ya fassara yaƙin da yaƙin zuciya, ya gina gwagwarmayarsa a kan ƙin zubar da jini. Mutumin da ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948, Nathuram Godse, shi ma da ya tsaya a kotu da Rama da Kirishna da Arjuna ya kafa hujja.

Inda littafi ya zama sarƙa

Akwai abin da ba zan iya wuce shi da lallami ba. Wata waƙa a juzu'i na goma na Rigweda ta ce an halicci mutane daga jikin wani mutum na farko: malamai daga bakinsa, mayaƙa daga damatsansa, 'yan kasuwa da manoma daga cinyoyinsa, masu hidima daga ƙafafunsa. Littafin dokoki na Manu ya zo ya mayar da wannan shari'a, ya tsara wanda zai auri wa, wanda zai ci abincin wa, wanda ma bai halatta ya ji karatun Weda ba. A ƙasan waɗannan huɗu aka bar miliyoyin mutane da ake ganin taɓa su ƙazanta ne. Aƙidar karma kuma ta zama hujja: an haife ka a ƙasa ne saboda abin da ka aikata a rayuwar baya. Wannan zalunci ne, kuma 'yan ƙasar da kansu sun faɗa. Dakta Ambedkar, wanda aka haifa cikin waɗannan mutane a 1891, ya jagoranci ƙona littafin Manu a bainar jama'a ranar 25 ga Disamba 1927. Shi ne kuma ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda ya haramta wannan wariya. A 1956 ya bar addinin ya koma na Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

Kafin mu yi musu dariya, iyayena, mu duba gida. Su suna da nassi da suke fakewa da shi. Mu namu littafin ya ce fifiko da tsoron Allah yake. To da wace hujja ake hana saurayi mai addini da sana'a aure don kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko maƙeri?

Abin da ya riga ya iso mu

Ba ta fim kaɗai Indiya ta shigo ƙasar Hausa ba. Akwai littafin Sanskirit mai suna Panchatantara, labaran dabbobi da aka tsara don koya wa 'ya'yan sarki dabarun mulki. Wani likita mai suna Burzoye ya kai shi Farisa wajen shekara ta 570, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen 750, ya zama Kalila wa Dimna da ake karantawa a makarantunmu na Arabiyya. Yana cikin littattafan da Alhaji Abubakar Imam ya amfana da su lokacin da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. Ku tuna yadda aku yake tsare Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. A Sanskirit akwai Shukasaptati, inda aku yake ba wata mata labarai 70, kowane dare ɗaya, don ya hana ta fita bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauko, ya tace, ya zuba a tukunyar Hausa da Musulunci, har ya zama namu.

Haka alƙaluman lissafi. Barahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili a 628. Ilmin ya isa Bagadaza a zamanin Halifa Mansur, Alkhuwarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin Indiyawa wajen 825, daga nan ya bazu. Dillalin da ke lissafin buhunan riɗi a kasuwar Dawanau da alƙaluman nan yake aiki. Magabatanmu sun san abin da za su ɗauka da abin da za su bari saboda sun karanta.

Sanin nan yana da amfani ko a labaran duniya. A ƙidayar 2011 Hindu sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen Indiya, Musulmi kuma kimanin miliyan 172. Wanda bai san Ramayana ba, labarin Rama da matarsa Sita da aka sace da Hanuman da ya taimaka aka ceto ta, ba zai gane dalilin da ya sa aka rushe Masallacin Babri a garin Ayodiya ranar 6 ga Disamba 1992 ba. Waɗanda suka rushe shi sun ce a nan aka haifi Rama. Mutum kusan 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya, yawancinsu Musulmi, kuma a Janairun 2024 Firaminista Narendra Modi ya jagoranci buɗe wurin bautar da aka gina a filin. Ta'asar rushe masallacin aikin wata aƙidar siyasa ce mai suna Hindutwa, wadda Sawarkar ya tsara a 1923. Ba daidai ba ne mu ɗora ta a kan kowane Bahinde, kamar likitan da ke duba marasa lafiyarmu a Delhi, ko injiniyan da ke aiki da 'ya'yanmu a masana'antun Sharaɗa da Bompai. Mu da aka daɗe ana yi wa kuɗin goro saboda aikin wasu tsiraru, mu ne ya fi kamata mu guji yi wa wasu.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga iyaye da malaman Islamiyya: hana kallo kaɗai bai yi aiki ba, shekara sittin sun shaida. Ku zauna da yaran, idan jaruma ta kunna fitila a gaban gunki ko mamaci ya dawo a wani jiki, ku tsayar da fim ɗin ku gaya musu abin da mutanen nan suka yarda da shi, da abin da mu muka yarda da shi, da dalili. Na biyu ga ɗalibanmu da ke karatun Larabci da addini a Jami'ar Bayero, ga ta nan kusa da mu a kan titin Gwarzo. Marigayi Alhaji Bashir Othman Tofa, Allah ya jiƙansa, ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar ilmi mai nauyi da ya rubuta Kimiyyar Sararin Samaniya da Tunaninka Kamanninka. Kitabul Hind na Albiruni yana nan da Larabci, an buga shi a Haidarabad a 1958. Ku nemo shi, ku raba babukan farko a tsakaninku, ku fassara su da Hausa, ku kawo wa malamanmu na nan su duba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tabbatar da mu a kan imani.